Karsana ta kwana a gonarmu, yau wata biyar tana turke: me doka ta ce?

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda suka san doka, ta hukuma da ta addini, a kan wata matsala da ta taso wa gidanmu a wani ƙauye da ke gabas da birnin Tawa. A farkon watan Oktoban da ya wuce, kafin mu gama kwashe amfanin gona, yayana ya je gona da asuba ya tarar da wata karsana ja, irin shanun Azawak, tana kwance a tsakiyar dawar da bai kai ga yankewa ba, ta ci wadda ta ci, ta tattake saura. Babu makiyayi a kusa, babu sawun garke, ita kaɗai ce, kuma da guntun igiya a wuyanta. Ya kamo ta ya kawo gida, ya ɗaure a turke, a ranar ya je ya shaida wa maigari, maigari kuma ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a, aka kuma aika wa rugagen da ke kewaye da mu. Ba wanda ya ce tasa ce.

Tun daga lokacin yayana ne ke ciyar da ita. Ashe da ciki ta zo, a watan Janairu ta haifi ɗan maraƙi. Duk wanda ya san ƙasar Adar da rani ya san abin da ake nufi da shayar da saniya mai jego, domin ruwan ma sai an yi tafiya da jaki, kara da harawa kuwa sun zama abin saye. Da muka yi lissafi, abin da ya kashe ya haura jika 60, ban da dawar da ta ɓata. Har ya fara maganar zai kai ta kasuwar Lahadi ta Tawa ya sayar, ya cire kuɗinsa, ya ajiye saura, ni na hana shi domin zuciyata ba ta kwanta ba.

To, makon jiya sai ga wani mutum daga wajen Abalak tare da ɗansa, ya ce karsanarsa ce, an sace ta da dare cikin damina tare da wasu shanu shida. Ya faɗi shaidar wuta da ke cinyarta ta dama tun kafin ya gan ta, kuma ya faɗa daidai, amma da aka tambaye shi yankan kunne sai ya ce na hagu, alhali na dama ne. Ba shi da wata takarda a hannu. Da yayana ya kawo maganar ciyarwa da ɓarnar gona, sai mutumin ya fusata, ya ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma idan ba a ba shi saniya da ɗanta ba zai kai ƙara wurin jandarma. Maigari ya ba da mako biyu kowa ya nemo hujjarsa.

Abin da nake so in sani shi ne, shin riƙe ta da muka yi a gida laifi ne, ko shelar da aka yi ta wanke mu? Maraƙin na wane ne? Akwai wata doka da ta ba yayana haƙƙin kuɗin ciyarwa da diyyar gona? Kuma da me ake tabbatar da cewa wannan mutumin shi ne mai ita, tunda ya dace a shaida ɗaya ya kuskure ɗaya?

Tsohon Magatakarda:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Adar, ka yi wa yayanka babban alheri da ka hana shi kai ta kasuwa, domin da ya sayar da ita, yau ba maganar jika 60 ake yi ba. Na yi shekaru ina rubuta irin waɗannan shari'o'i kafin in yi ritaya, kuma mafi yawan waɗanda na ga sun shiga uku a kan dabbar tsintuwa ba ɓarayi ba ne, mutane ne da suka gaji da ciyarwa suka yanke wa kansu hukunci.

Bari in fara da inda kuka yi kuskure. A dokar Nijar, wurin ajiye dabbar da ta ɓata ko take yawo ba mai ita ba gidan manomi ba ne, garken hukuma ne, wanda muke kira furiyar, kuma ma'aikatar magajin gari ce ke da alhakinsa. Akwai dokar gwamnati ta watan Yulin 2006 da ta tsara yadda ake shigar da dabba furiyar, sannan dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayun 2010 ta sake yin magana a kai. Abin da ya dace shi ne maigari, bayan ya ji bayani ya ga dabbar, ya sa a kai ta can a rubuta ta a rajista da kamanninta da ranar da aka same ta. Daga nan ciyarwa da shayarwa da lafiyarta sun koma wuyan hukumar, mai ita kuma idan ya bayyana ya biya kuɗin tsaro ya tafi da abinsa. Dokar ta 2010 ba ta yarda a gaggauta sayarwa ba: babbar dabba kamar saniya ko raƙumi sai ta yi aƙalla wata uku, tunkiya da akuya kwana 15, sannan a fara sanarwar gwanjo, kuma gwanjon a bainar jama'a ake yin sa. Ka ga ke nan ko ita hukuma ba ta da ikon ta sayar a ɓoye, balle mutum ɗaya a gidansa.

Amma kuskure daban, sata daban. Sata a wurin alƙali ita ce ɗaukar abin wani da niyyar mallake shi ba da yardarsa ba, kuma niyyar ce ake bincike. Mutumin da ya je wurin maigari a ranar da ya sami dabba, aka yi shela a masallacin Juma'a, aka aika rugage, ya bar ta a turken da kowa ke gani wata biyar bai canja shaidar wutar da ke jikinta ba, wannan yana da abin da zai kare kansa da shi. Abin da ya rage muku shi ne ku mayar da wannan magana ta baki zuwa takarda. Ku roƙi maigari ya rubuta, ko ya sa a rubuta masa, ranar da aka kawo rahoto da ranar da aka yi shela, liman da mutum biyu ko uku su sa hannu, ku kai kwafi ga ma'aikatar magajin gari. Tun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, wakilin da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da ma'aikatar, amma ofishin da aikinsa suna nan. Ni a ganina kada ma ku jira a kai ku ƙara, ku je wurin jandarma da ƙafarku ku ba da bayani. Wanda ya zo da kansa da takarda ba a kallonsa kamar wanda aka je aka ɗauko.

Dalilin da ya sa nake matsa muku shi ne, kundin hukunta laifuffuka na ƙasarmu, wanda aka kafa a 1961 aka yi masa babban gyara a 2003, bai haɗa satar dabba da sauran sace-sace ba, ya ware mata sashe nata, kuma hukuncin yana ƙara nauyi idan an yi ta cikin taro ko da makami. Wanda ya karɓi abin sata ya ajiye ko ya saya yana sane, shi ma doka tana hukunta shi. Wannan ƙofa ta biyu ita ce baƙon naku yake nunawa da ya ce abokin ɓarawo, kuma abin da ke rufe ta shi ne hujjar cewa ba ku ɓoye ba.

Game da gona kuwa, dokar ta 2010 ta faɗi wani abu da manoma da yawa ba su sani ba, ko kuma ba sa so su sani: idan mai dabba ya amsa a gaban hukuma cewa dabbarsa ta yi ɓarna, ba a ci gaba da tsare dabbar a matsayin jingina. Diyya magana ce daban da ake yi a gaban sarakunan gargajiya, a kwamitin sulhu mai wakilan manoma da na makiyaya, ana farawa daga maigari ko ardo, idan ba a daidaita ba a hau zuwa sarki, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, sannan kotu ta saurara. Tun dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ake bin wannan tsani, kuma hukumomin filaye da ake kira COFO suna taimakawa wajen auna ɓarna. Abu biyu za a duba a taku. Na farko, ko an riga an buɗe gonaki ga dabbobi, domin kowace shekara gwamna ne ke sa ranar, kuma farkon Oktoba gonaki suna rufe. Na biyu, ko gonar tana kudu da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, domin arewa da wannan iyaka ƙasar kiwo ce, wanda ya yi gona a can bai da diyya idan dabba ta ci. Matsalarku ita ce an auna ɓarnar a lokacin, ko kuwa yanzu za a ce a kimanta dawar da aka girbe wata biyar da suka wuce? Idan ba wanda ya je ya gani ya shaida, wannan ɓangare zai yi muku wuya.

Almajirin Zaure:

Allah ya saka wa Baba Magatakarda da alheri. Zan ƙara abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suka karantar da mu, domin a zauren sarki, inda za a fara jin wannan magana, da fiƙihu da al'ada ake yin sulhu kafin a buɗe kundin gwamnati.

Asalin babin shi ne hadisin Zaidu ɗan Khalid, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Bukhari da Muslim ma suka ruwaito. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tsintuwa, ya ce a san jakarta da maɗaurinta, a yi cigiya shekara guda. Da aka tambaye shi ɓatacciyar tunkiya, ya ce taka ce, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kyarkeci. Da aka tambaye shi raƙumi, ya hana a taɓa shi, domin yana tare da salkarsa da takalmansa, zai je ruwa ya ci itace har mai shi ya same shi. Saniya ba ta zo a wannan hadisi ba, shi ya sa malamai suka yi mata ƙiyasi: a wurin da ake jin tsoron namun daji ko yunwa su halaka ta, hukuncinta na tunkiya ne, a wurin aminci kuwa a bar ta kamar raƙumi. Kada wani ya ji an ce tunkiya taka ce ya ɗauka an halatta masa ta gari. Wannan a dajin da ba kowa ne, inda ba yadda za a kai ta ga mutane. Wadda aka samu a cikin gari ko kusa da shi, cigiya ake yi mata.

Akwai wani labari a Muwaɗɗa da nake so masu jin haushin furiyar su lura da shi. A zamanin Sayyidina Umar ana barin ɓatattun raƙuma suna yawo har suna haihuwa ba mai taɓa su, amma a zamanin Sayyidina Usman sai ya yi umurni a yi cigiyarsu sannan a sayar, idan mai su ya zo a ba shi kuɗin. Wato shugaba ne ya ɗauki nauyin abin da hannayen mutane suka fara miƙewa gare shi. Saboda haka tsarin da Baba ya bayyana, na hukuma ta tsare ta yi sanarwa ta sayar a fili, ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Yanzu ga tambayoyinka, ɗan'uwa. Maraƙi na mai saniya ne, babu saɓani a nan. Shehu Khalil a Mukhtasar ya bambanta tsakanin amfanin dabbar da ɗanta: wanda yake riƙe da ita yana iya shan nononta, amma ɗan yana bin uwarsa. Game da ciyarwa kuma, an ba mai dabba zaɓi biyu, ko ya biya abin da aka kashe ya karɓi dabbarsa, ko ya bar ta ga wanda ya ciyar a madadin kuɗin. Ba shi da zaɓi na uku, wato ya ja igiya ya tafi ba ko sisi. Sai dai ina ba yayanka shawara, idan ana tatsar ta tun watan Janairu, ya faɗa da bakinsa kafin a tambaye shi, kuma ya sassauta lissafinsa gwargwadon haka, domin dattawan zaure sun san saniyar Azawak da nono, kuma za su tambaya.

Ɓarnar gona ma tana da asali. Raƙumar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah ya hukunta cewa tsare gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobin. Haka Ibn Abi Zaid ya kawo hukuncin a Risala, kuma Alƙur'ani a Suratul Anbiya ya ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan tumakin da suka shiga shuka da dare. Amma a nan akwai wurin tsayawa. An ɗora wa mai dabba lamunin ɓarnar dare ne saboda sakacinsa wajen ɗaure ta. Idan ta tabbata ɓarayi ne suka kwance ta suka koro ta daga Abalak har ta kuɓuce musu a ƙasarku, da wane sakaci za a kama shi? Ni ban ga fuskar da za a tilasta masa ba, sai dai ya yi don kyautatawa.

Batun kunne kuwa, idan da tsintuwa ce kawai ba mai jayayya, siffantawa tana isa a ba mutum abinsa, kuma wanda ya faɗi shaidar wuta kafin ya gani ya kawo mafi ƙarfin siffa. Amma tunda ya ce sata aka yi, kuma magana ta kai ga zargi, abin da aka sani shi ne ya kawo shaidu adilai da suka san dabbar a garkensa, ya kuma rantse cewa bai sayar da ita ba, bai bayar da ita kyauta ba, ba ta fita daga mallakarsa ta wata hanya ba.

Dillalin Bisashe:

Gaisuwa ga Baba da Malam. Ni ba mai karatun doka ba ne, shekara ashirin da wani abu nake tsakanin kasuwannin Abalak, Badagishiri, Tunfafi da Gidan Idar, kuma ni ɗan makiyaya ne, don haka ku yi mini haƙuri in faɗi yadda abin yake daga wancan gefen.

Mutumin da kuke ganin ya zo da fushi, ku tuna shanu bakwai ya rasa, ɗaya ya gani. Wata bakwai ko takwas yana bin kasuwa kasuwa yana duba cinyoyin shanu, yana biyan kuɗin mota, yana ba masu labari goro. Ɓarayin yanzu ba sa kai dabba kasuwar kusa. Da dare ake kora ta, wani lokaci a loda a mota, kafin mai ita ya gama bin sawu ta kai Ƙonni ko ta ƙetara Illela ta Nijeriya, ko kuma ta faɗa hannun mahaucin da ba ya tambaya, fata kawai za a gani, ita ma an yanke wurin shaidar. Kuma da ɗan gari akan ci gari, kowane ɓarawo yana da gidan da yake ajiya a hanya. Wanda ya san haka, ya zo ya tarar da saniyarsa a turken wani har ta haihu, abin da zai fara zuwa ransa ke nan. Ban ce yana da gaskiya a kan yayanka ba, na ce kada ku ɗauki zafinsa a matsayin shaidar ƙarya.

Kuskuren kunne bai dame ni ba ko kaɗan. Mai garke yana tsayawa gaban dabba, damanta ya zama hagunsa, kuma sau da yawa yara ne suke yankan kunne, shi shaidar wuta ta gidansu ya sani, wadda ya gada daga ubansa. Hanyar da muke bi a kasuwa mai sauƙi ce. A je garkensa a ga ko sauran shanun suna ɗauke da wannan shaida a wuri ɗaya, a tambayi ardonsa ko shugaban ƙabilarsa ko shaidar gidansu ce, sannan a bar yaron da ya yi kiwonta ya kira ta da sunanta daga nesa. Saniyar da ta tashi a hannun mutum tana ɗaga kai idan ta ji muryarsa, na ga an raba gardama da wannan ba sau ɗaya ba.

Inda na saba da Baba shi ne furiyar. Abin da ya faɗa shi ne abin da ke rubuce, ban musa ba. Amma ni an taɓa kama mini tumaki huɗu a wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba, kwana shida kafin in ji labari, na tarar da su a wani shinge ba inuwa, ɗaya ta mutu, aka ce in biya kuɗin tsaron huɗun duka, kuma rasit ɗin da aka ba ni bai kai abin da na biya ba. Makiyaya da yawa suna ganin wasu wuraren sun mayar da furiyar hanyar samun kuɗin shiga, ana kama dabba ko a kan burtali take. Shi ya sa ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suka daɗe suna magana a kai. Da karsanar nan mai ciki ta shiga irin wancan shingen a watan Oktoba, ban tabbata da yau akwai maraƙin da ake gardama a kansa ba. Saboda haka idan mai ita yana da adalci, ya san yayanka ya yi masa aikin da ya cancanci a biya.

Ina da tawa tambayar ga Baba. A wurinmu dillali shi ne lamuni, idan dabbar da ya sayar ta fito ta sata, shi zai nemo wanda ya kawo ta ko ya biya daga aljihunsa. To, da yayan nan ya sayar da ita a kasuwar Tawa, wani ya saya da zuciya ɗaya, sai mai ita ya gan ta a hannunsa, wa zai yi asara a dokar gwamnati?

Tsohon Magatakarda:

Alhaji, abin da ka faɗa game da wasu furiyar gaskiya ne, na ga irinsa, kuma dokar ta 2010 ta ɗora wa hukumar da ke tsare da dabba alhakin abin da ya same ta saboda rashin abinci ko kulawa, sai dai kaɗan ne suke da ƙarfin bin haƙƙinsu har can. Da ni ne maigarin su Ɗan Adar, da na sa an rubuta karsanar a rajistar hukuma, na roƙa a bar ta a hannun wanda ya same ta a matsayin amana, da takarda. Ana yin haka idan an fahimci juna, kuma yana kare dabbar da mai riƙon duka.

Tambayarka tana da amsa a kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa. Wanda abinsa ya ɓata ko aka sace masa yana da shekara uku ya neme shi a hannun duk wanda ya gan shi, shi kuma wanda aka karɓe wa ya koma kan wanda ya sayar masa. Amma idan a kasuwa ya saya, ko a gwanjo, ko a hannun ɗan kasuwar da sana'arsa ke nan, to mai abin ba zai karɓa ba sai ya mayar masa da kuɗin da ya biya, sannan shi ya bi ɓarawon. Makiyaya ba sa son jin wannan, domin yana nufin mutum ya sayi saniyarsa da kuɗinsa, kuma ya saba da abin da Malam zai gaya maka, inda mai ita yake karɓar abinsa bayan shaidu da rantsuwa, mai saye ya koma kan mai sayarwa. A aikace, yawancin irin wannan ba ya kaiwa kotu, tsarinku na dillalai ne yake warware shi, ana bin igiya daga hannu zuwa hannu har a kai ga wanda ya kasa faɗin inda ya samo. A misalin da ka kawo, igiyar a kan yayan Ɗan Adar za ta tsaya.

Abu ɗaya nake roƙon ɓangarorin biyu, kada matasa su shiga maganar. Abin da ya faru a Toda ta jihar Maradi a 1991, da wanda ya faru a Bangi ta Madawa a 2016, duk daga rikicin manomi da makiyayi suka taso, kuma an rasa rayuka masu yawa. Ko dukan dabba ma doka ta sa masa diyya, idan ta mutu cikakken kuɗinta na kasuwa ne.

Ɗan Adar:

Na gode ƙwarai, Baba, Malam da Alhaji. Na karanta wa yayana duk abin da kuka rubuta. Maigari ya sa an rubuta takardar, liman da dattawa uku sun sa hannu, shekaranjiya muka kai ta ma'aikatar magajin gari, daga nan muka wuce wurin jandarma. Da suka tuntuɓi abokan aikinsu na can, sai aka tarar mutumin ya kai rahoton satar shanu bakwai tun watan Agusta, da bayanin shaidar wutar, kuma a rahoton kunnen dama aka rubuta. Jiya ya dawo da ardonsu da yaron da ke kiwon ta. Yaron ya tsaya a bakin danga ya kira ta, ta miƙe tana jan turke har sai da aka sake ta.

An zauna a zauren maigari. Yayana ya faɗi maganar nono da kansa, ya rage lissafinsa daga jika 60 zuwa 45, ya kuma janye batun dawa, tunda ba wanda ya auna ɓarnar a lokacin. Mutumin ya janye kalmar da ya faɗa a gaban jama'a, ya biya jika 25, saura 20 ardo ya tsaya masa zuwa kasuwa biyu, aka rubuta takardar sulhu kowa ya riƙe kwafi. Maraƙin bai yi ƙwarin tafiyar ƙasa ba, don haka sun bar su a wurinmu zuwa Lahadi, za su zo da mota. Jandarmomi sun ce yayana ya koma ranar Litinin ya nuna musu gonar da guntun igiyar da ya samu a wuyanta, domin har yanzu ana neman sauran shidan.